Jan Bokitin Uwar Maruƙa

In ka shiga gonar shanun ka tambayi sunanta na yanka, sai ma'aikata su yi ta kallon-kallo. Uwar Maruƙa kowa ya sani. Shekararta ashirin da huɗu a rumfar maruƙa, kuma cikin shanu ɗari da tamanin da ake tatsa a gonar, da wuya ka sami wadda ba ta tsotsi yatsunta ba tana jaririya. Haka ake koya wa maraƙi shan madara a bokiti: a tsoma yatsu biyu a ciki, a ba shi ya kama, sannan a yi ƙasa da hannun sannu a hankali har bakinsa ya nutse. Wani ya gane a yini ɗaya, wani sai ya yi mako yana tunkuyin bokitin. Yatsun nan biyu na hannunta na dama sun yi kanta, sun fi sauran kauri, ko zobe ba ya shiga.

Shara ce ta kawo ta gonar. Mijinta ke gyaran injunan tatsa a lokacin, shi ya samo mata aikin share rumfuna. Tana wata na uku wata saniya ta mutu wajen haihuwa, aka jingine maraƙin a kusurwa ana jira ya bi uwarsa. Ta ajiye tsintsiya, ta roƙi dakashi, wato madarar farko mai kauri, daga wata saniyar da ta haihu ran nan, ta zauna tana ɗura masa da cokali. Maraƙin ya tashi. Tsohon Maigida, wanda ya kafa gonar, ya zo ya same ta zaune a ƙasa da kan maraƙi a cinya, ya ce tsintsiya ta nemi wani daga yau.

Rumfarta tana tsakiyar gonar. Daga dama rumfar tatsa, daga hagu shingen bijiman da ake turkewa don yanka. Duk abin da aka haifa ta hannunta yake bi: mace ta yi wata uku ta wuce dama, namiji ya wuce hagu. A shekara, in abin ya yi muni, ta rasa uku ko huɗu.

Jan bokitin kuwa ita ta kawo shi, tana shekararta ta biyu a rumfar. Saniya in ta kamu da ciwon hantsa akan yi mata allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗaura mata jan ƙyalle a wutsiya. Madararta ba ta shiga tanki sai bayan wasu kwanaki, domin kamfanin da ke ɗaukar madara yana gwada kowane tanki, ya ji alamar magani ya mayar da shi duka. Da can cikin kwata ake zubar da ita. Uwar Maruƙa kuwa a hannun kakarta ta tashi, tsohuwar da ko ɗigon madara ya zuba a tabarma sai ta dangwale da yatsa ta lashe. Ganin farar madara tana bin kwata kullum ya hana ta sakat. Ta sayo jan bokiti a kasuwa, ta ce a riƙa tara mata a ciki, maruƙa su sha, tunda su babu mai gwada su. Tsohon Maigida ya yaba mata a gaban kowa, ya ce da yana da irinta uku da ya kwanta ya yi barci. Har ya rasu, in ya kawo baƙi sai ya nuna musu bokitin.

Da ɗansa ya karɓi gonar, wanda har yau ake kira Ƙaramin Maigida ko da yake furfura ta fara fito masa, sai ya kusa ninka shanun tatsa. Hannu bai ƙaru ba, aiki ya ƙaru. Da tsumma ɗaya ake goge hantsar saniya ashirin. Jan ƙyalle ya yawaita a wutsiyoyi, jan bokitin da a da yakan cika sau biyu a mako ya koma cika sau uku a rana. Ita kuwa murna take yi, maruƙanta suna ƙoshi.

Sai zawo ya shigo rumfar. Zawo ba baƙon mai kiwon maruƙa ba ne, kuma akwai kabad a rumfar tatsa da ke maganinsa. Makullin yana hannun Dogo, shugaban masu tatsa, ƙanin mijinta, wanda tun ranar da aka kawo ta gidansu bai daina tsokanarta ba. A da sai ya zuƙo rawayar allura, kwana biyu maraƙi ya miƙe, a mayar da kwalba kabad ko da sauran kwanakin da takardar maganin ta ce a cika. Wannan karon rawayar ba ta yi komai ba. Aka koma farar, ita ma kamar an tsira wa bango. Maraƙi sai idanunsa su faɗa, hancinsa ya bushe, ka kama fatar wuyansa ka saki ta tsaya a tsaye. Cikin wata huɗu aka haifi arba'in da uku, goma sha shida suka mutu.

Magana ta fara yawo. Wasu suka ce tsufa ya kama ta, wasu suka ce ba ta wanke bokitai kamar da. Ta ji, ta ƙara sabulu, ta ƙara tafasasshen ruwa, har hannayenta suka tsage. Mutuwar ba ta tsaya ba.

Ƙaramin Maigida ya kira ta ofis. Yaron da ta sha ɗagawa ya shafa kan maraƙi, yau yana bayan tebur yana kauce wa idonta. Ya ce shanu ashirin da biyu za su haihu cikin wata biyu masu zuwa. In abin da ya sami na baya ya same su, zai rufe rumfar maruƙa, ya riƙa sayar da duk abin da aka haifa tun yana ɗanye, ya sayo manyan karsana daga waje. Ita kuma ta je gida ta huta, ai ta yi ƙoƙari. Ta ce ta ji. Kalmar hutun nan ta fi zagi yi mata ciwo.

A makon ne aka kawo sabuwar likitar dabbobi, mace mai ƙarancin magana da manyan takalman roba. Ba ta buɗe kabad ba. Ta ɗebi kashin maruƙa biyar a 'yan kwalabe ta tafi da su ɗakin gwaje-gwaje. Bayan kwana huɗu ta dawo, ta tara su a inuwar rumfar da hantsi, ta nuna musu hoto a wayarta: wani ɗan farantin gilashi da ya yi hazo-hazo, da wasu fararen abubuwa shida a kai kamar maɓallan riga.

"Hazon nan ƙwayoyin cutar ne daga cikin maruƙanki, Inna. Kowane maɓalli magani ne daban. Wanda ke aiki, za ki ga sun ja da baya sun bar masa fili."

Uwar Maruƙa ta matso da fuskarta. Maɓalli ɗaya ne kaɗai ke da fili kewaye da shi.

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Sun hau kansu sun zauna."

Dogo ya tambaya ko su ma ƙwayoyin makaranta suka shiga. Likita ta ce kusan haka ne. Ta yi musu bayani cewa magani in ya zo da ƙarfinsa, aka cika kwanakinsa, yakan gama da cutar. Amma in yana zuwa kaɗan-kaɗan kullum, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa, har a wayi gari su kaɗai ne a rumfar. Ta ce kuma ba su san shinge ba: suna bin kashi, suna bin takalmi, suna bin hannu har cikin gida. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda maraƙin kwana goma, wanda ba a taɓa tsira masa allura ba, ya zo da irin waɗannan. Ta tambayi me suke sha.

"Madara mana, Likita," in ji Dogo. "Ko an ce miki shayi matar Yaya ke dafa musu?"

Aka yi dariya. Uwar Maruƙa ba ta yi ba. Yatsunta biyu take kallo. Ta san yadda kantar yatsa ke fitowa: ba yanka ke kawo ta ba, guga ce kaɗan-kaɗan kullum, har wurin ya daina ji. Jan bokitin yana bayan ƙofa, taku uku daga inda likitar ke tsaye, cike da madarar safe. Likita ta shiga motarta ta tafi.

Da azahar ta koma gida cin abinci ta tarar da mijinta, wanda ya daɗe da ajiye aiki, a bakin ƙofa ya kwance fankar maƙwabta yana gyara. Ta zauna a kan turmi ta gaya masa duka. Ya daɗe yana juya wani ƙaramin noti a hannu, sannan ya ce ai ba sai ta tona kanta ba, ta daina ba su kawai, wa zai sani? Ta ce ta yi wannan tunanin a hanya. Amma in ta daina ba su ta jan bokiti, dole su sha ta tanki, tankin kuma ba a taɓa shi sai da izinin Ƙaramin Maigida, shi kuwa zai tambayi dalili. Ko ta yi shiru ta ci gaba da zuba musu abin da ta sani, ko ta faɗa.

"To ke me kika zaɓa?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. Ta tashi ba ta ci abincin ba.

Washegari da safe ta sa aka kira likitar, ta shiga ofis da jan bokitin a hannu, ta ɗora shi a kan tebur, kan takardun Ƙaramin Maigida. Ta faɗi abin da ke ciki, da shekarun da ta yi tana bayarwa, da yadda ya koma sau uku a rana. Ba ta rage komai ba. Likita ta ce wannan ne abin da take nema. Ƙaramin Maigida ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Bai gama haɗiye wannan ba Uwar Maruƙa ta gaya masa buƙatarta: madarar tanki, mai kyau, wadda ake sayarwa, ga kowane maraƙi safe da yamma.

"Inna, kin zo kin ce da hannunki aka yi ɓarnar nan, kuma a zama ɗaya kina neman in buɗe miki tanki?"

"Ranka ya daɗe, babanka ya yabe ni a kan bokitin nan, na karɓi yabon. Yau ga laifinsa, shi ma na karɓa. Ni na shigo da shi, ni zan fitar da shi. Ka bar min ashirin da biyun nan. In na kasa, ba sai ka ce in huta ba, da ƙafata zan tafi."

Likita ta sa baki. Ta ce ba za ta rantse cewa bokitin kaɗai ne ba. Akwai tsumma ɗaya da ke yawo da ciwo daga hantsa zuwa hantsa, akwai allurar da ake yankewa a tsakiya, akwai cunkoson da aka yi wa rumfuna ba a ƙara hannu ba. Ta faɗi na ƙarshen tana kallonsa. Ya kalli hoton babansa a bango, ya kalli bokitin da ya jiƙa masa takardu, ya ce a buɗe mata tankin.

Zubar da madarar farko ta fi shiga ofis wuya. An haƙa rami nesa da rijiya, ta tsaya a bakinsa da bokitin har hannunta ya gaji kafin ta karkata shi. Kwana biyu bayan haka ta tsinci kanta a ƙofar rumfar maruƙa da jan bokitin cike, ƙafafunta sun kawo ta ba ta sani ba. Ta juya ta kai rami, ta dawo ta ari ƙusa da guduma, ta huda gindin bokitin wuri bakwai. Dogo ya ce bai taɓa ganin an yi wa bokiti hukunci a bainar jama'a ba sai ran nan. Daga nan madarar masu jan ƙyalle a duro mai murfi take tafiya, daga rumfar tatsa kai tsaye zuwa rami.

Saura kwana goma sha biyu haihuwar farko. Ta kwashe maruƙan da suka rage zuwa wata rumfa, ta kankare ƙasan tata har dandamali, ta shafe bango da farar ƙasa, ta cire rabin rufin don rana ta daki wurin mako guda. Ta raba wurin ɗaki-ɗaki da katako. Kowane maraƙi da bokitinsa da lambarsa a jiki. Takalman shiga rumfar ba sa fita, na waje ba sa shiga, ko na Ƙaramin Maigida ne. Duk wanda aka haifa, kafin ya bushe ta tabbatar dakashin uwarsa ya shiga cikinsa. A rumfar tatsa kuma aka mayar da masu jan ƙyalle ƙarshen layi, kowace saniya da tsummanta, a tsoma kan nono a ruwan magani bayan tatsa. Makullin kabad ya koma aljihun likita. Dogo ya yi ta ƙorafi cewa shekara talatin yana shugaban masu tatsa, matar Yaya ta mayar da shi mai shanyar tsumma. Amma shi ke ƙirga tsummokaran da kansa kowace yamma.

Takwas na farko suka wuce lafiya. Ta tara, wata baƙar maraƙa mai farin goshi, ta fara zawo tana kwana biyar da haihuwa. Uwar Maruƙa ta ware ta, ta haɗa ruwan gishiri da sukari kamar yadda likita ta auna mata, tana ba ta duk bayan awa biyu, tsakanin madara da madara. Kwana na biyu da fara zawon idanun suka fara faɗawa. Da la'asar Dogo ya shigo yana ɓoye hannu a baya. Ashe ya ajiye ragowar rawayar allura a aljihun tsohuwar rigarsa. Wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Matar Yaya, bari in tsira mata. Ko ba ta yi ba, a ce mun yi wani abu. In ta mutu a haka ke za a kalla."

"Na ga hoton, Dogo. Kai ma ka gani. Wannan tana cikin biyar ɗin da ƙwayoyin suka hau suka zauna. Mayar da ita."

Ya je ya matse allurar cikin duron rami, ya dawo ya riƙe mata kan maraƙar tana ɗura ruwan. Likita ta zo ta auna, ta ce babu zazzaɓi, a ci gaba da ruwa, jikinta zai yi sauran. A kwana na huɗu da hantsi Uwar Maruƙa ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, baƙar maraƙar ta kai mata tunkuyi a gwiwa har ta zauna daɓas a ciyawa. Ta zauna a wurin tana dariya, masu tatsa suka leƙo su ga abin da ya faru.

Ba duka aka tsira da su ba. Na goma sha bakwai ya zo da zazzaɓi mai zafi, likita ta ba shi maganin nan guda da ya saura yana aiki, aka fara cika masa kwanakinsa, amma bai kai ba. Uwar Maruƙa ta bi baron da aka ɗauke shi har bakin shinge. Sauran ashirin da ɗaya suka cika wata biyu suna tsalle.

Ƙaramin Maigida ya zo rumfar, ya cire takalmansa a ƙofa ba a gaya masa ba, ya sa na ciki. Ya bi ɗaki-ɗaki yana ƙirgawa da yatsa, ya kai ƙarshe ya sake farowa. Bai ambaci maganar ofis ba, ita ma ba ta ambata ba. Ya tsaya yana duban bangon gabas, ya ce, "Inna, in za a ƙara rumfar nan, ta wane gefe kike so?" Ta nuna masa. Ta ce kuma a ƙara mutum biyu a rumfar tatsa, Dogo ba ƙarfe ba ne. Aka ƙara.

Shekara guda bayan haka likita ta sake kai kwalabe gwaji. A sabon hoton maɓalli uku cikin shida ke da fili. Ta ce sauran ukun za su daɗe, wataƙila wani ba zai dawo ba ko kaɗan, don haka kada kowa ya saki jiki. Uwar Maruƙa ta sa aka wanke mata hotunan biyu, na da da na yanzu, ta manna su gefe da gefe a bangon rumfar. Jan ƙyalle da a da sai ka ƙirga goma sha biyu a layi, yanzu ran da ya yi yawa biyu ne. Baƙar maraƙar nan mai farin goshi ta wuce dama, bara ta haifi ɗanta na fari.

Yanzu daga wasu gonaki ake turo mata masu kiwon maruƙa, likita ke aiko su. Ba ta yi musu dogon bayani. Takan tambayi inda suke kai madarar saniyar da ke kan magani, ta jira. Mafi yawansu sai su sunkuyar da kai, domin kusan kowace gona tana da nata bokitin, launi ne kawai ya bambanta. Sai ta ce kada su ji kunya, ita shekara goma sha tara ta yi, har da yabo.

Jan bokitin yana nan rataye a ƙusa bakin ƙofa, burushin wanke-wanke ake zubawa a ciki, hudojin suna tsiyayar da ruwa. Wani baƙo ya taɓa tambaya me ya sa ba a jefar da shi ba. Dogo ya ce ai babban ma'aikaci ne da aka rage wa girma, ana jira a ga ko zai shiryu. Uwar Maruƙa ba ta ɗago ba. An kawo mata wani da aka haifa da safe, mai taurin kai, ya ƙi bokiti, tana durƙushe gabansa da yatsu biyu cikin madarar tanki tana lallashinsa.